Mai Gudun Kilomita 40 Da Ke Ganin Duhu Idan Ya Miƙe: Sharhi Kan Jiri Da Jinkirin Bugun Zuciyar 'Yan Tsere

Akwai wani ƙorafi da ke yawan fitowa daga bakin masu gudun dogon zango da 'yan tseren keke da masu ninƙaya, kuma kusan da kalmomi iri ɗaya suke faɗinsa: "Ina miƙewa sai idona ya yi duhu." Mutum ne da zai yi gudun kilomita 20 bayan asuba, ya yi wanka ya wuce wurin aiki ko gezau. Amma idan ya daɗe a zaune kan tabarma ya tashi zumbur, sai kunnuwansa su toshe, ƙafafu su saki, ya dafa bango na 'yan daƙiƙoƙi kafin ya dawo daidai. Sannan ya duba agogon hannunsa mai ƙirga bugun zuciya ya ga 44, cikin dare ma har 36. Ya shiga intanet ya karanta cewa zuciyar lafiyayyen baligi tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti idan yana hutawa. Daga nan sai hankali ya tashi.

Jirin da jinkirin bugun sau da yawa tushensu ɗaya ne, kuma a wurin mafi yawan 'yan wasa ba cuta ba ce. Sai dai ina ganin ana saurin cewa "ai zuciyar ɗan wasa ce" a rufe magana, alhali yunwa da ƙishirwa da ƙarancin jini da wasu magunguna, har ma da ciwon zuciya na gaske, duk suna iya zuwa da wannan siffa. Kama da wane ba ta wane ba. Lambar da agogo ya nuna ba za ta raba su ba. Abin da ke raba su shi ne lokacin da jirin ke zuwa, da yadda zuciyar ke amsawa idan an buƙace ta.

Mu fara da bugun. Jikin baligi da ke zaune yana buƙatar jini kimanin lita 5 ya zaga shi a kowane minti, ɗan wasa ne ko ɗan kallo. Zuciyar wanda ba ya atisaye tana turo kamar mililita 70 a kowane bugu, don haka sai ta buga wajen sau 70 kafin ta cika wannan adadi. Wanda ya shekara da shekaru yana gudu ko tuƙa keke, ɗakunan zuciyarsa sun faɗaɗa, bangonta ya ɗan ƙara kauri, ruwan jininsa ma ya ƙaru, har bugu ɗaya ya iya turo mililita 110 ko fiye. Sau 45 ya wadatar. Mai ɗiban ruwa a rijiya ya san wannan lissafi: mai ƙaramin guga sai ya zura sau goma kafin tulu ya cika, mai babban guga sau shida ya gama. A lokacin tsere kuwa amfanin ke bayyana, domin zuciyar gwanin ɗan tsere tana iya tura lita 35 zuwa 40 a minti, yayin da ta matashin da ba ya atisaye ke tsayawa a wajen lita 20.

Ba yau likitoci suka fara lura da haka ba. Tun a 1899 wani likitan ƙasar Suwidin, Salomon Henschen, ya riƙa ƙwanƙwasa ƙirjin masu tseren kan ƙanƙara da yatsunsa yana auna girman zuciyarsu, ya gano ta fi ta sauran mutane girma, ya kuma yanke cewa girman na ƙarfi ne. Miguel Indurain na Sifaniya, wanda ya lashe babbar gasar keke ta Faransa sau biyar a jere daga 1991 zuwa 1995, an sha ruwaito cewa bugunsa na hutu 28 ne.

Dalilin da ya sa bugun ke sauka shi ne inda masana suka yi saɓani, kuma saɓanin yana da amfani ga ɗan wasa. Tsohon bayani shi ne atisaye yana ƙarfafa wata jijiya da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa ta wuya, wadda aikinta rage wa zuciya sauri. Da haka ne kaɗai, da babu abin damuwa ko kaɗan, tunda zuciyar ba ta canja ba, umarnin da ake ba ta ne ya canja. Amma an yi gwaje-gwajen da aka toshe saƙon jijiyoyin da magani, sai aka ga zuciyar ɗan tsere ta ci gaba da bugawa a hankali fiye da ta sauran mutane. A 2014 wasu masu bincike a Jami'ar Manchester, cikinsu da Alicia D'Souza da Mark Boyett, suka nuna a jikin ɓeraye da aka horar da gudu da ninƙaya cewa ɗan ƙullin naman da ke tayar da wutar kowane bugu shi kansa yana canjawa: wani sinadari mai suna HCN4, wanda ke saita saurinsa, yana raguwa. Har yanzu ana muhawara kan wanne ya fi tasiri a jikin ɗan Adam, kuma alama ta nuna dukansu suna aiki. Muhimmancin abin shi ne, idan naman zuciyar ne ke canjawa, to bayan shekara 30 ko 40 na horo mai tsanani canjin yana iya wuce gona da iri.

To me ke faruwa idan mutum ya miƙe? Da zarar ya tashi tsaye, jini rabin lita zuwa lita ɗaya yana gangarawa cikin jijiyoyin ƙafafu da na ciki. Abin da ke komowa zuciya ya ragu, abin da take turawa ya ragu, matsin jini ya faɗi. A gefen wuya da kuma kan babbar jijiyar da ke fita daga zuciya akwai wasu wurare masu jin wannan faɗuwa nan take su sanar da ƙwaƙwalwa. Cikin bugu ɗaya ko biyu zuciya ta ƙara sauri, yawanci da 10 zuwa 20 a minti, bayan wasu daƙiƙoƙi kuma jijiyoyin jini su tsuke. Tsakanin faɗuwar da gyaran akwai ɗan giɓi, kuma a cikinsa jirin yake. Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye iska, idan jini ya yanke mata na daƙiƙa 6 zuwa 8 mutum zai suma. Ido kuwa yakan riga ta gazawa, saboda cikin ƙwayar ido akwai nasa matsin da jini sai ya rinjaya kafin ya shiga. Shi ya sa gani ke dushewa alhali mutum yana cikin hayyacinsa yana jin abin da ake faɗa.

Da hankali kawai za a bi, sai a ce mai babbar zuciya da yalwar jini ya fi kowa tsira daga wannan. Masana aikin jiki sun ga akasin haka a wurin waɗanda horonsu ya kai maƙura. A 1981 John Greenleaf na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka da abokan aikinsa suka rubuta wata magana da ta shahara a fagen, cewa mutanen da suka horu suna iya gudu amma ba sa iya tsayuwa. Batun ya dami hukumar ne saboda 'yan sama jannati sukan dawo duniya su kasa tsayawa da ƙafafunsu.

Bayanin da ya fi gamsar da ni shi ne na Benjamin Levine da abokan aikinsa a birnin Dallas, wanda aka buga a 1991. Sun sanya rabin jikin 'yan tsere da na marasa atisaye, daga ƙugu zuwa ƙasa, cikin wani akwati mai zuƙo jini zuwa ƙafafu, daga baya kuma suka ƙara musu ruwa ta jijiya, suna auna abin da zuciya ke turawa a kowane hali. Suka ga zuciyar ɗan tsere ta fi laushi da saurin buɗewa. Idan jinin da ke komo mata ya ɗan ƙaru, abin da take turawa sai ya yi tsalle, wanda shi ne sirrin ƙarfinta a filin tsere. Amma idan abin da ke komowa ya ɗan ragu, faɗuwar ma haka take da girma. Babban guga sai rijiya mai ruwa: idan ruwan ya ja baya, abin da babban gugan ke rasawa a kowace zurawa ya fi na ƙaramin. Ƙari a kan haka, jijiyoyin ƙafar ɗan tsere sun saba buɗewa sosai don ciyar da tsoka, kuma wasu bincike sun nuna martanin gaggawar nan na wuya yana ɗan yin sanyi a wurin waɗanda suka horu ƙwarai.

Kada wani ya fahimci cewa motsa jiki ne ke kawo jiri. Ga mai zaman ofis ko wanda ya tashi daga doguwar jinya, atisaye matsakaici yana ƙara ruwan jini, yana kuma ƙara juriyar tsayuwa. Shi Levine ɗin da abokiyar aikinsa Qi Fu da atisaye suke jinyar masu wata lalura da zuciya ke tsananta gudu idan sun miƙe, suna fara su da tuƙin kwale-kwale na na'ura da keken kishingiɗa. Matsalar tana can ƙarshen biyu ne, wurin wanda ba ya motsi sam da wurin wanda ke horo sa'o'i da yawa kowane mako shekara da shekaru.

Tambayar da ya kamata koci ko likita ko ɗan wasan ya fara yi ita ce: yaushe jirin ke zuwa?

Wanda ya fi yawa shi ne na daƙiƙa 15 na farko bayan tashi da sauri, musamman daga kwance ko daga tsuguno. Lambar sama ta awon jini tana iya faɗuwa da fiye da 40, amma kafin rabin minti ta koma inda take. Tsuguno ya fi komai jawo shi, domin yana matse jijiyoyin ƙafa, da an miƙe sai su buɗe gaba ɗaya jini ya kwarara cikinsu. Mu da muke tsugunawa wajen alwala da ban-ɗaki, muke zama a ƙasa, muke tasowa daga sujada, mun fi masu rayuwa kan kujera gamuwa da shi. Sau da yawa idan aka je asibiti ba a ganin komai, saboda kafin abin awon ya gama kumbura a hannu, jinin ya riga ya daidaita. Matashin ɗan tsere da wannan ne kaɗai ƙorafinsa, bai taɓa faɗuwa ba, ƙarfinsa a fili bai ragu ba, galibi lafiyarsa lau.

Daban yake da wanda jininsa ke sauka ya zauna a ƙasa. Ma'aunin likitoci shi ne lambar sama ta ragu da 20 ko ta ƙasa ta ragu da 10 cikin minti 3 da tsayuwa, ta ƙi komawa. Wannan a jikin matashi yana nuna akwai dalili a ɓoye, yawanci ƙarancin ruwa ko rashin cin abinci ko magani, kuma sai an nemo shi. Akwai kuma na doguwar tsayuwa wuri ɗaya, irin na fareti ko dogon layi cikin rana ko tsayuwar tahajjud: mutum ya fara jin zafi, gumi ya karyo, zuciya ta tashi, ya yi ta hamma, sannan ya sulale. A nan jiki ne ke yin kuskure, maimakon ya ƙara wa zuciya sauri sai ya rage mata, ya kuma saki jijiyoyi. Yana ba da gargaɗi, kuma wanda ya zauna ko ya kwanta da jin gargaɗin ba zai faɗi ba. Shi kuwa jirin da ɗaki ke juya wa mutum idan ya juya kai a kan gado, yawanci daga cikin kunne yake, ba ruwansa da zuciya.

Sai na bakin layin ƙarshe. Duk wanda ya kalli gasar gudun fanfalaki ta Legas, wadda ake yi tun 2016, ko tseren kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo, ya ga wanda ya tsallake layi da ƙafafunsa, ya tsaya cak, sannan ya zube. Lokacin gudu tsokar sha-raɓa da ta cinya suna matsa jijiyoyi a kowane taku suna koro jini sama. Da an tsaya wannan taimako ya yanke, alhali jijiyoyin ƙafa da na fata suna buɗe saboda aiki da zafi. Likitoci a Afirka ta Kudu, Lucy Holtzhausen da Tim Noakes, sun bi waɗanda suka faɗi a tseren kilomita 56 na Cape Town, suka wallafa a 1994 cewa kashi 85 cikin 100 bayan tsallake layi suka faɗi, kuma tsirarun da suka faɗi kafin su kai layin su ne aka fi samu da ciwo mai haɗari. Taimakon farko mai sauƙi ne, amma jama'a sukan yi akasinsa cikin tausayi: a ɗago mutum a zaunar da shi, a tallabe shi a tsaye, a yi ta ɗura masa ruwa a baki. Abin da yake buƙata a kwantar da shi a inuwa, a ɗaga ƙafafunsa sama da ƙirjinsa, a bar jini ya gangaro. Cikin 'yan mintoci zai farfaɗo. Idan bai farfaɗo ba, ko yana sambatu, ko jikinsa ya yi zafi rau, to zancen ya canja: ana tsoron bugun zafi, a fara sanyaya shi da ruwan sanyi nan take a nufi asibiti.

Wanda ba na son kowa ya yi wa uzuri shi ne jiri ko suma ana tsakiyar gudu. A lokacin tsoka na koro jini, zuciya na kan ganiyar aikinta, babu dalilin da jini zai taru a ƙafa. Wanda ya yanke jiki ya faɗi a wannan hali, zuciyarsa ake tuhuma har sai gwaji ya wanke ta. Mun ga abin da idonmu a filin ƙwallo. Samuel Okwaraji ya faɗi a babban filin wasa na Legas ranar 12 ga Agusta 1989 ana wasa da Angola, bai tashi ba. Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a tsakiyar fili a birnin Lyon ranar 26 ga Yuni 2003 ana wasa da Kolombiya, ba wanda ya taɓa shi, yana ɗan shekara 28, kuma binciken gawa ya nuna ciwon kaurin tsokar zuciya, wanda galibi gadonsa ake yi. Christian Eriksen na Denmak ya faɗi haka a 2021, ya rayu saboda an fara danna masa ƙirji nan take aka kuma ja masa wutar farfaɗo da zuciya. Wanda ya faɗi ba ya amsawa, numfashinsa ba daidai ba, danna ƙirji yake buƙata, ɗaga ƙafa ba zai yi masa komai ba. Haka nan ciwon ƙirji lokacin atisaye, ko haki da ya fi ƙarfin aikin da ake yi, ko zuciya ta riƙa fizga ba tsari, ko suma ba gargaɗi a zaune ko a kwance, ko a ce wani a dangi ya mutu farat ɗaya yana matashi: ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a dakatar da horo a ga likitan zuciya.

Tsakanin jirin da ba komai da wanda ke kisa akwai fili mai faɗi, kuma a nan mafi yawan 'yan wasanmu suke. Zafi ne na farko. A bazara, lokacin da Sakkwato da Maiduguri da Yamai ke haura digiri 40, mai gudu yana iya zubar da gumi lita 1 zuwa 2 a awa. Yalwar ruwan jinin da ke kare shi ta tafi, laushin zuciyar ya rage masa. Hanya mafi sauƙi ta sanin abin da aka rasa ita ce hawa sikeli kafin atisaye da bayansa: kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce, a mayar da lita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi a hankali cikin sa'o'i, tare da abinci. Ban ce a yi ta kwankwaɗar ruwa ba lissafi ba. A gasar gudun fanfalaki ta Boston a Amurka ta 2002 an auna jinin masu gudu 488, aka samu kashi 13 cikin 100 gishirin jininsu ya yi ƙasa, kuma babban dalilin shan ruwa fiye da kima ne. Wannan ma yana kawo jiri da ruɗewa, yana kuma kisa.

Mai azumi kuma lissafinsa daban. Gudu mai tsawo da hantsi a bazara, sannan a jira har magariba ba ruwa, neman jiri ne da gangan. Ya fi dacewa a mayar da horo mai nauyi bayan buɗa-baki, ko a yi mai sauƙi dab da shan ruwa. A kuma sani cewa cika ciki tim yana jan jini zuwa hanji, shi ya sa wasu ke jin jiri a sahun isha'i bayan sun ci da yawa.

Maganar gishiri tana buƙatar taka-tsantsan. Rubuce-rubucen ƙasashen waje sukan ce mai irin wannan jiri ya ƙara gishiri, kuma ga wanda jininsa ke ƙasa yana zubar da gumi sosai shawarar tana da tushe. Amma hawan jini ya yi yawa a cikinmu, da yawa ba su san suna da shi ba, miyarmu kuma da gishiri da dunƙule ba ta rasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da giram 5 a rana ta ce baligi ya ci. A auna jini tukuna. Bayan dogon atisaye cikin zafi, abinci mai miya ko ruwan gishiri da sukari na sacet ya wadatar wa yawancin mutane.

Abin da na fi jin tsoron a rufe da sunan "zuciyar ɗan wasa" shi ne yunwa. Idan abin da mutum ke ci bai kai abin da horo ke ƙonawa ba, jiki yana rage kashe ƙarfi ta ko'ina, bugun zuciya ya sauka, matsin jini ya sauka, tafin hannu ya yi sanyi. Kwamitin wasannin Olamfik na duniya ya fitar da matsaya kan wannan lalura a 2014, ya kuma jaddada cewa maza ma tana kama su. A Turai sau da yawa son rage nauyi ne ke jawo ta. A wurinmu akwai wannan, akwai kuma tsadar abinci: yaron da ke atisaye safe da yamma yana shirin gasa ko neman shiga aikin soja, amma cin kirki sau ɗaya yake yi a yini. Agogo zai nuna masa 42 ya yi murna ya zaci ƙwarewa ce. Ana gane bambancin ta wajen aiki. Bugun da ya sauka saboda horo yana tafiya da ƙarin ƙarfi da sauri, wanda ya sauka saboda yunwa kuwa yana tafiya da rama da kasala, da yawan mura, da ciwon ƙashi da ba ya warkewa, da lokacin gudu da ke ta lalacewa. Ga 'ya mace, ɗaukewar al'ada wata uku ba ciki alama ce babba, kuma bai kamata koci ya ce mata haka 'yan wasa suke ba.

Ƙarancin jini ma yana nan, daga maleriya ko tsutsar ciki ko tsargiya ko jinin al'ada mai yawa ko rashin sinadarin ƙarfe a abinci. Yakan ɗaga bugun zuciya, amma wanda nasa 42 ne idan ya koma 55 ba wanda zai ce ya hau, sai shi da ya san lambarsa. Gwajin jini mai sauƙi yana warware wannan, kuma ya fi a sayi maganin ƙarin jini a kemis da ka. Sai magunguna: atenolol da propranolol da danginsu suna rage bugu, har maganin ɗigawa a ido na timolol yana yi. Masu sa fitsari, da tamsulosin na masu matsalar mafitsara, da amitriptyline, da magungunan ƙarfin maza, suna saukar da jini a tsaye. Ba a daina su da kai, a gaya wa likitan da ya rubuta. Mai jinin AS kuma, wato mai ɗauke da ƙwayar gadon sikila, wanda kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya ke da shi, ya san cewa gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa yana iya sa ƙafafunsa su mutu ya zube yana cikin hayyacinsa, kuma wannan na gaggawa ne.

Akwai gwajin da za a iya yi a gida da na'urar awon jini. A kwanta minti 5 a auna, a miƙe a auna bayan minti 1 da bayan minti 3, da wani a kusa, a maimaita safiya daban-daban a rubuta. A kuma ƙirga bugu da yatsa a wuyan hannu minti guda cur, don agogo yana kuskure. Sannan a hau bene ko a yi sassarfa a sake ƙirgawa. Zuciyar da horo ya sa ta jinkiri tana tashi da zarar an motsa, daga 42 ta haura 100 ba wahala. Wadda ta maƙale a 50 ko 60 mutum na haki, ita ce abin kai wa likita.

Wanda aka tabbatar jirinsa na miƙewa ne kawai, dabarunsa ba su da tsada. Ya tashi daki-daki, daga kwance zuwa zaune, ya motsa ƙafafu, sannan ya miƙe, musamman cikin dare idan fitsari ya tashe shi. Ya ɗaure tsokar cinya da ta ɗuwawu kafin ya tashi da bayan ya tashi. Idan duhun ya fara, ya harɗe ƙafafu ya matse su, ko ya tsuguna. Likitocin Amsterdam sun gwada waɗannan dabaru a kan masu yawan suma, sun ga suna ɗaga jini suna kuma rage faɗuwa. Shan ruwa rabin lita a tashi ɗaya yana ɗan ɗaga jini na wani lokaci, yana da amfani kafin doguwar tsayuwa. Bayan gudu kada a tsaya cak, a ci gaba da tafiya minti 5 zuwa 10, a kuma jinkirta wanka da ruwan zafi.

Idan aka kai ga gwajin ECG, wanda ke zana wutar bugun zuciya a kan takarda, yana da kyau mai karanta takardar ya san 'yan wasa. Ƙa'idojin duniya na 2017, waɗanda Sanjay Sharma na Landan da Jonathan Drezner na Seattle suka jagoranta, sun ɗauki bugu 30 zuwa sama a matsayin daidai ga ɗan wasan da ba shi da wani ƙorafi, haka ma wani irin tsallaken bugu da ke ɓacewa da an motsa. Ƙasa da 30 a farke, ko zuciya ta yi shiru daƙiƙa 3 ko fiye, ko saƙon wuta ya yanke tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa, waɗannan sai an bincika. Ƙa'idojin sun kuma amince cewa akwai wani zane da ke fitowa a layukan takardar masu lamba V1 zuwa V4 a wurin 'yan wasa baƙar fata wanda ba ciwo ba ne, ko da yake yana kama da shi. Rashin sanin wannan yana iya sa a hana lafiyayyen yaro wasa, ko a tsorata iyayensa a banza.

Dattijon ɗan tsere kuwa ba a yi masa hukuncin matashi. Wani bincike na 2008 a Siwizalan ya kwatanta tsofaffin ƙwararrun 'yan keke 62 da sa'o'insu 'yan wasan golf, ya samu lalacewar ƙullin da ke tayar da bugu ta fi yawa a wurin 'yan keken, shekaru da dama bayan sun bar gasa. A Suwidin an bi mutum sama da 52,000 da suka yi tseren ƙanƙara na kilomita 90 mai suna Vasaloppet, aka ga waɗanda suka fi yawan shiga sun fi gamuwa da rikicewar bugu da jinkirinsa. Waɗannan mutane a dunƙule sun fi sauran jama'a lafiya da tsawon rai, don haka ba hujjar barin gudu ba ce. Amma ɗan shekara 55 da ya yi shekara 30 yana tsere, wanda bugunsa ke ci gaba da sauka alhali bai ƙara horo ba, sabon jiri ya zo masa ko gajiya a hawan da ya saba, ya kamata a ɗaura masa na'urar da ke naɗar bugun zuciya na awa 24 ko fiye, a kuma gwada shi a kan injin gudu. Likita yakan sa a rage horo na wasu makonni a ga ko bugun zai ɗago. Idan bai ɗago ba, kuma shirun zuciyar ya dace da lokutan jirin, ana dasa 'yar na'ura ƙarƙashin fatar ƙirji mai saita bugu, kuma da yawa daga waɗanda aka dasa wa sukan koma gudunsu bayan sun warke.